Kafin Ya Ce "Na Amsa"

Ɗan ƙanena da aka ɗauka aikin kotu bara ya zo gaishe ni, muna hira sai ya ce, "Baba, ai aikin magatakarda yanzu ba wuya. Ka buɗe kwamfuta, ka ɗauko tsohuwar tuhuma, ka canja suna, shi ke nan. In an shiga kotu ka miƙe ka karanta ka zauna." Na ce masa ya gyara zama. Abin da na gaya masa ranar shi zan gaya muku, ku da kuke ganin karanta takarda a gaban alƙali kamar karanta jarida ne.

A Gwarzo na fara, zamanin tsuke bakin aljihu. Kotun ɗaki ne dogo mai rufin kwano, babu sili, tattabaru sun yi gida a saman katako. Akwai fanka a rataye, amma ban taɓa ganin wuta ta juya ta ba, sai dai iska in ta shigo ta taga ta ɗan kaɗa ta, ta yi rabin zagaye ta tsaya. Da azahar in zafi ya sauko daga kwano, muryar mai magana takan yi nisa kamar daga ƙasan rijiya take fitowa, ka ga mutane a kan benci idonsu biyu amma hankalinsu yana gona.

Malam Isyaku aka ba ni in koya a hannunsa. Dogo ne, mai sanyin murya, goro ba ya rabuwa da kuncinsa. Bai bar ni na taɓa tafireta ba sai da na gwanance da ɗinkin fayil. Allura da zare ya miƙa mini ranar farko, ya nuna mini yadda ake huda takardu a kusurwa a ɗaure, don kada shari'ar wani ta zame ta faɗa cikin ta wani. Kayan aikinmu ke nan: allura, reza, hatimi, takardar kabon, da tsohuwar tafireta wadda sai ka danna harafinta da ƙarfi kamar kana fasa gyaɗa.

A shekarun nan komai ya yanke. Ƙyallen tawadar tafireta in ya bushe, Malam Isyaku yakan warware shi ya ɗiga masa kananzir ya shanya a inuwa, ya sake naɗewa. Rubutun ya fito toka-toka, kamar ana hango shi ta cikin hayaƙi. Ambulan kuwa juya cikinsa muke yi mu sake aikawa da shi. Ofishin 'yan sanda da ke aiko mana da takardun tuhuma su ma haka suke fama. In fararen takardu sun ƙare musu, sai mai buga musu ya ɗauko tsohuwar tuhuma da ta rage, ya kankare suna da laifin da reza, ya buga sabo a gurbin.

Da Turanci takardar ke zuwa, da Hausa ake karanta ta. Idonka yana kan Turanci, bakinka yana fitar da Hausa, kuma ba a yarda ka ƙara gishiri ko ka rage ba. In ka gama, alƙali ya tambayi wanda ake tuhuma, "Ka ji? Ka amsa ko ba ka amsa ba?" Yawancin waɗanda ake kawo mana manoma ne da 'yan tireda, kuma yawancinsu amsawa suke yi. Tun a hanya an riga an raɗa musu cewa wanda ya amsa yakan kwana a gida, wanda ya musa kuwa sai a mai da shi a tsare, a yi ta ɗaga shari'a. Abin da ba a gaya musu ba shi ne, da zarar mutum ya ce "na amsa", ba a ƙara kiran shaida, ba a ƙara neman mai ƙara. Bakinsa ya rufe ƙofar, kuma abin da ke kan takarda ya amsa, ba abin da ke cikin ransa ba.

Na tuna Haladu, mutumin Madadi. Daminar da ta gabaci shari'arsa ta yi gardama, dabbobi suna ta faɗuwa, shi kuwa ya hau gawon da ke gonar maƙwabcinsa ya sare reshe ya kai wa awakinsa. Maƙwabcin ya yi fushi ya kai ƙara. Aka kawo Haladu da safe, hadari ya haɗo tun daga gabas. Malam Isyaku na miƙewa da takarda ruwa ya tsinke, ruwan farko na shekarar. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin kwano marar sili ana ruwa ba, ba zai gane ba. Ina ganin bakin Malam Isyaku yana motsi, gemunsa yana hawa da sauka, amma ko ni da ke kusa da shi ba na jin komai. Ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin. Kowa ya juya yana kallon taga, har ɗan sandan da ke tsaye a ƙofa.

Haladu ma tagar yake kallo, yana murmushi. Irin geronsa yana rataye a ɗaki, kuma ya san gobe duk Madadi za ta fita shuka. Alƙali ya ɗaga murya ya tambaye shi, sai ya juyo da sauri ya ce, "Na amsa, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali ya duba takarda, ya rubuta, ya yanke masa watanni a gidan yari. Aka fita da shi cikin ruwan.

Sai bayan an gama girbi muka sake ganinsa. Muna zaune a gindin dalbejiyar ƙofar kotu bayan an tashi, sai ga mutum ya yi sallama ya tsuguna, ya rame, an aske masa kai. Aka gaisa, aka tambayi gida da iyali. Ya ce, "Malam, ni ne Haladu. Ba ƙara na kawo ba. Tun da na koma gida mutane ke kawar da kai in na zo wucewa, har masu ba ni ajiya sun daina. Shi ne na ce bari in zo a karanta mini abin da na ce na yi."

Malam Isyaku ya aike ni na ɗauko fayil. Ya buɗe, ya ɗaga takardar sama ta fuskanci rana. A nan muka ga wurin da reza ta ci: an kankare tsohon suna an buga na Haladu, an kankare tsohon gari an buga Madadi, amma layin laifin ba a taɓa shi ba. Na wani mutum ne daban, wanda ya fasa rumbu ya kwashi hatsi. Malam Isyaku ya karanta masa da Hausa, a hankali.

Haladu ya ce, "Ashe ɓarawo aka kulle. Ni kuwa ina ciki ina ta istigfari a kan reshen gawo. Na ɗauka zamani ne, komai ya yi tsada har hukunci."

Malam Isyaku ya kai wa alƙali maganar, alƙali ya sa aka rubuta Kano. Amsar ta daɗe ba ta zo ba, da ta zo kuma gajeriya ce: mutumin ya amsa da bakinsa, bai ɗaukaka ƙara a kan lokaci ba, ya kuma riga ya gama zaman. Abin da aka iya yi shi ne alƙali ya kira mai garin su Haladu ya bayyana masa, shi kuma ya faɗa a masallaci. Wasu suka yarda, wasu suka ce ai kotu ba ta kulle mutum a kan ganye. Daminar dai ta wuce shi, gonarsa ciyawa ta noma a shekarar.

Daga ranar Malam Isyaku ya canja karatu. In ana ruwa ba ya karantawa, sai ya tsaya da takarda a hannu har a ɗauke. Kuma ba ya jero tuhuma a numfashi ɗaya. Yakan yanka ta gaɓa-gaɓa: sunanka kaza? A gari kaza? Abu kaza ka ɗauka? Daga wuri kaza? Kowace gaɓa sai mutum ya maimaita da bakinsa. Masu gabatar da ƙara suna ƙorafin yana cinye musu yini. Haka ya koya mini, haka na riƙe bayan ya yi ritaya, har aka mai da ni Kabo.

Ina Kabo Shari'a ta zo. Waɗanda ba su ga lokacin ba ba za su san irin ɗokin da aka yi ba. Kotun da a da sai masu ƙara da danginsu, sai ga ta cike har taga, mutane sun bar kasuwa sun zo su ga yadda za a yi. Takardu suka fara zuwa da Hausa, muka ce an huta, tunda babu fassara babu kuskure. Ni ma na faɗi haka.

A shekarun farkon nan aka kawo Sabi'u, bakanike daga Gammo, magidanci mai 'ya'ya. Injin ban-ruwa aka kama shi da shi yana neman mai saye. Injin na Malam Ya'u ne, wani dattijo mai noman rani, kuma Sabi'u ne ke gyara masa shi duk lokacin da ya lalace. Takardar ta ce ya fasa ɗakin da aka kulle injin ya ɗauke.

Ga inda maganar take. A Shari'a, wanda ya ɗauki abu mai daraja daga inda mai shi ya killace ya kulle, hukuncinsa haddi ne, wato yanke hannu. Wanda ya ɗauka daga fili, inda aka bar shi ba tsaro, laifi ya yi, amma horon da alƙali ya ga ya dace za a yi masa. Tsakanin ɗaki da fili akwai hannun mutum.

Na miƙe na fara karantawa gaɓa-gaɓa. Sunanka Sabi'u? Ya ce e. Mutumin Gammo? E. Ka ɗauki injin Malam Ya'u? E. Ka fasa ɗakin da ya kulle shi? Kansa yana sunkuye, ya ce, "Duk abin da aka rubuta na amsa."

Na ce, "Ba haka ake yi ba. Ka fasa ɗakin?"

Ya ce, "Malam, wanda ya yi abin da na yi ba shi da bakin musu. Na amsa."

Alƙalinmu tsoho ne, ba ya gaggawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya ce, "Sabi'u, ka san abin da ke bayan wannan amsar? Hannunka na dama ne. Kuma shari'a ta ba ka dama ka janye maganarka in akwai abin da ba haka yake ba."

Sabi'u ya kalli taga, inda fuskokin mutanen garinsu suka jeru, ya mai da kai ƙasa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni na ɗauka. A yi abin da za a yi a gama."

Kunya ce ta rufe masa kunne. Na sha ganin irin wannan: mutum ya san ya yi laifi, sai ya ga kamar gyara takarda ƙarin rashin kunya ne, gara ya haɗiye ta duka. Alƙali bai yanke hukunci ba. Ya ce a mai da shi ya je ya yi tunani, kuma a zama na gaba lallai mai injin ya zo da kansa.

Malam Ya'u bai zo zaman farko ba saboda yana fadama yana ɗibar ruwa da bokiti, yana neman ceto tumatirinsa. Bai cetu ba. Ranar da ya zo, ya zo da manyan 'ya'yansa biyu, ya zauna a bencin gaba, ƙafafunsa duk faso, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ko sau ɗaya bai kalli inda Sabi'u yake ba. Mai gabatar da ƙara ya raɗa mini cewa tsohon ya yi rantsuwa ba zai yafe ba.

Rana ce mai nauyi, iska ba ta motsi. Hasken da ke shigowa ta hujin kwano ya sauka a kan teburina kamar kwabo, yana tafiya a hankali. Alƙali ya ce a sake karanta tuhuma. Na fara. Ɗakin ya yi tsit har ina jin kukan kurciya daga bayan kotu, muryata kuma tana dawo mini kamar wani ne ke magana. Na zo gaɓar ɗaki na ce, "Ka fasa ɗakin da Malam Ya'u ya kulle injin?"

Kafin Sabi'u ya buɗe baki, sai na ji an ce, "Wane ɗaki?"

Malam Ya'u ne. Ya dogara sandarsa yana ƙoƙarin miƙewa, babban ɗansa ya riƙo gefen rigarsa yana cewa ƙasa-ƙasa, "Baba, zauna, ba kai ake tambaya ba." Ya fizge rigar.

Alƙali ya ce, "Malam Ya'u, kana da magana?"

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a sake karanta mini wurin nan." Na sake karantawa. Ya girgiza kai. "Ba a ɗaki yake ba. A fadama na bar shi, gindin mangwaro. Na gaji ranar, na ce gobe na kai shi gida. Ko buhu ban rufa masa ba."

Aka fara guna-guni daga taga. Ɗan nasa ya ce, "Baba, ka san abin da kake yi kuwa? Wannan mutumin ya kashe mana shekara."

Tsohon bai juya ba. Ya ce, "Na sani. Tumatirina ya ƙone ina kallo. Da hannuna nake zuba wa wannan yaron abinci in ya zo gyara, kuma ban yafe ba, a rubuta ban yafe ba. Amma ƙofar ɗakina tana nan lafiya, ba wanda ya taɓa ta. Ba za a yanke hannun mutum a kan ƙofar da ba a fasa ba, ina zaune ina ji."

Alƙali ya juya ga Sabi'u. "Haka ne?"

Sai a lokacin ya ɗago. Ya ce, "A gindin mangwaro na ɗauka."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Na ga duk sata ce."

Alƙali ya sa aka kawo bayanin da Malam Ya'u ya fara yi a ofishin 'yan sanda, wanda aka rubuta da hannu. Ga abin da ke ciki: na saba kulle shi a ɗaki, ranar na gaji na bar shi a fadama, na ce gobe na kai shi ɗaki, da safe na tarar babu. Mai kwafe bayanin a ofishinsu ya rubuta har kalmar "ɗaki" ta farko, ya ɗaga kai, da ya mai da ido sai ya sauka a kan ta biyu ya ci gaba daga nan. Fadamar ta ɓace gaba ɗaya. Wanda ya tsara tuhuma kuma ya karanta cewa an kulle a ɗaki, da safe babu, sai ya rubuta an fasa. Babu wanda ya yi niyyar cutar kowa. Ido ne ya tsallake layi.

Alƙali ya ce amsar da aka yi a kan takarda mai kuskure ba amsa ba ce. Ya soke ta, ya sa aka sake rubuta tuhuma, na sake karantawa tun daga suna. Wannan karon Sabi'u ya maimaita kowace gaɓa da bakinsa. Aka yanke masa bulala da zaman gidan yari, aka mai da wa mai inji injinsa. Da za a fita da shi ya zube a gaban tsohon zai kama ƙafarsa. Malam Ya'u ya janye ƙafar ya ce, "Ba don kai na yi ba." Ya fita, 'ya'yansa suna biye da shi.

To, wannan shi ne aikin da kuke cewa miƙewa ne da zama. Takardar da ke hannunka ta bi ta hannaye da yawa kafin ta iso gare ka, kowane hannu da gajiyarsa, kuma kai ne na ƙarshe da zai furta ta kafin mutum ya ɗaura ta a wuyansa. Ka karanta yadda kowa a ɗakin zai ji, har wanda ba a tambaya ba.

Bayan na yi ritaya, wata rana ina dawowa daga ɗaurin aure babur ɗina ya mutu a hanyar Gammo. Na tura shi zuwa wata rumfar bakanike a bakin titi. Mai rumfar ya fito yana goge hannu da tsumma, furfura ta fara fito masa. Shi ya gane ni, ni ban gane shi ba. Ya ce, "Malam magatakarda, sannu da hanya. Ni ne Sabi'u."

Muka gaisa, ya ba ni benci a inuwa, ya tsuguna ya buɗe injin. Na tambaye shi iyali, ya ce lafiya. Na ce, "Malam Ya'u fa, yana nan?"

Ya ce, "Yana nan, ya tsufa sosai, ba ya zuwa fadama. Kullum in zan fito aiki ta ƙofar gidansa nake bi, yana zaune a dakali, in tsaya in gaishe shi."

"Yana amsawa?"

"Har yau bai taɓa amsawa ba."

Ya hura fulogi, ya goge shi a rigarsa, ya mai da shi gurbinsa. Ya miƙa hannun dama ya ɗauki sifana ya ɗaure.